KAN da CAN: Yadda Na Koyi Duniya a Ofishin Tikitin Jirgi

Ranar da kawuna ya kai ni ofishin, da takardun karatuna na je a cikin fayil, ina zaton su za a fara dubawa. Ko kallonsu ba a yi ba. Hajiya, wadda ke riƙe da ofishin, tana yanka tikitin jirgi tun zamanin da ake rubuta shi da biro a kan takarda mai kabon. Farar takarda ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan nan, zana mini Afirka. Ka sa Kano, ka sa Jidda, ka sa Addis Ababa."

Na zana wani abu mai kama da mangwaro. Kano dai na dace. Addis Ababa kuwa na gangara da ita can ƙasa kusa da Afirka ta Kudu, Jidda kuma na manna ta a jikin Sudan. Hajiya ta sauke tabarau ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "To Bahar Maliya fa? Shanye ta ka yi?" Duk ofishin aka kwashe da dariya. Ni da na ci labarin ƙasa a sakandare, har ina iya jero manyan biranen ƙasashe kamar karatun allo, ashe sunaye ne kawai a kaina, ban san inda kowanne ya zauna ba.

Ta hana ni taɓa kwamfuta har tsawon mako uku. Aikina shi ne in zauna da wata tsohuwar ƙwallon duniya da fentinta ya koɗe, in riƙa zana nahiyoyi da tekuna da ka, kullum sau ɗaya da safe. Na tambaye ta me ya sa ba za mu yi amfani da babbar taswirar da ke jikin bango ba. Ta ce ta bango ado ce. Daga baya na gane nufinta. Irin wannan shimfiɗaɗɗiyar taswira, wadda wani Bature mai suna Mercator ya fito da ita a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya. A jikinta tsibirin Girinlan yana neman ya yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Wanda ya koyi nisa daga wannan taswira zai ɗauka daga Kano zuwa Johannasbag nan da can ne. A ƙwallon ne na ɗora zare daga wani gari zuwa wani, na ga cewa gajeriyar hanya a kan abu mai kewaye ba ita ce miƙaƙƙen layin da ido ke gani a takarda ba.

Da ta ga hannuna ya faɗa, sai ta ce in ajiye nahiyoyin makaranta a gefe, domin masu jiragen sama suna da tasu rabon duniyar. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda aka kafa a 1945, ta yanka duniya gida uku. Yanki na ɗaya shi ne Amurka ta Arewa da ta Kudu da tsibiran da ke kewaye da su. Na biyu ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Na uku kuma Asiya da Ostireliya da tsibiran Tekun Fasifik. Wannan bai ba ni wahala ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙananan rabe-raben da ke ciki. A lissafinsu, Maroko da Aljeriya da Tunisiya cikin Turai suke. Masar da Sudan kuma cikin Gabas ta Tsakiya. Rasha an raba ta biyu daga tsaunukan Ural, yamma a yanki na biyu, gabas a na uku. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai Maroko a Afirka take." Ta ce, "A wajen ƙwallon ƙafa ba. A wajen ƙa'idar farashi da kaya, inda suka sa ta nan take. Kai tikiti za ka sayar ko gardama?"

Sai haruffa uku-uku. Kowane filin jirgi da nasa, kuma da su ake magana a sana'ar, ba da sunan gari ba. Na gida na fara haddacewa: KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, KAD Kaduna, SKO Sakkwato, MIU Maiduguri, sai DKA na Katsina da ya ƙi zama a kaina har sai da na rubuta shi a tafin hannu. Na maƙwabta suka biyo, NIM Yamai, NDJ Injamena, ACC Akara. Sannan waɗanda muke ci da su kullum: JED Jidda, MED Madina, DXB Dubai, CAI Alƙahira, ADD Addis Ababa, IST Istanbul. A nan na fara sanin cewa Makka ba ta da filin jirgi, duk mai zuwa ta sama sai ya sauka a wani gari, galibi Jidda, ya ƙarasa wajen kilomita 80 ta ƙasa.

Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne masu ɗauke da tsohon suna. Mumbai har yau BOM ce, saboda da Bombay ake kiranta. Cennai, inda mutanenmu ke yawan zuwa asibiti, MAA ce, daga Madras. Babban filin jirgin Beijin PEK ne, daga Peking. Guangzhou kuwa, garin da 'yan Kantin Kwari suka mayar kamar Sabon Gari, CAN ce, daga tsohon sunanta na Canton. Ka ga KAN da CAN, a baki ba su da maraba, a tikiti kuwa tsakaninsu akwai nahiya guda da rabi. Shi ya sa a waya ba a faɗin harafi tsurarsa, sai a ce Kilo, Alfa, Nobemba. Ranar da aka bar ni na zauna gaban Amadeus, manhajar da muke yanka tikiti da ita, abu na farko da aka nuna mini shi ne yadda ake neman haruffan gari: ka buga DAN, ka bi shi da sunan garin. Na buga DAN KANO, sai ga KAN ta fito. Na ce lallai wannan na'ura ta san da wa take magana.

Akwai kuma sunaye 'yan biyu da Hajiya ta ce su ne ramin da sababbin shiga ke faɗawa. Ostiriya tana Turai, Ostireliya tana can ƙarshen duniya. Kongo biyu ce, kuma manyan biranensu, Kinshasa da Barazabil, suna kallon juna kogi ne kawai a tsakani, amma kowanne da bizarsa. Gini uku ce a Afirka. Har mu da Nijar ba mu tsira ba, a haruffa biyu-biyu na ƙasashe NG da NE ne, harafi ɗaya ya raba. Wannan duk hadda ce, mai ƙoƙari zai gama da ita cikin wata guda.

Lokaci ne ya kayar da ni.

Yadda Hajiya ta fara koya mini shi ya burge ni, don ba da lissafi ta fara ba. Ta ce, "Da azumi, wa ke riga shan ruwa, Maiduguri ko Sakkwato?" Na ce Maiduguri. Ta ce da minti nawa? Na ce wajen rabin awa. Ta ce to shi ke nan, na riga na san abin, suna ne ban sani ba. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 kowace awa, minti huɗu kowane digiri. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri takwas, ga rabin awarka nan. Duk wanda ke gabas da kai, rana ta riga fito masa. Agogon ƙasa dai yarjejeniya ce, aka ce duk Najeriya ta bi ɗaya, amma rana ba ta sa hannu a wannan yarjejeniya ba.

Ana fara ƙirga ne daga layin Girinwic da ke Landan, wanda aka amince da shi a wani taro a Washinton a 1884. Layin ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya bi ta Tema a Ghana ya faɗa teku. Mu da Nijar da Chadi da Kamaru muna gaba da shi da awa ɗaya. Ghana tana kansa, don haka mun riga ta da awa guda. Saudiyya da Habasha da Turkiyya suna gaba da Girinwic da awa uku, Dubai huɗu, Sin takwas, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Indiya ta zo da nata salon, awa biyar da rabi. Ingila kuwa ba ta zama wuri ɗaya: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya.

Dokar tikiti ita ce, kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi na garin tashi, lokacin sauka na garin sauka. Aikin gida na farko da aka ba ni ke nan: jirgi ya bar Kano 13:00, ya sauka Jidda 19:30, awa nawa ya yi a sama? Na ce shida da rabi. Ta ce in sake. Sai ka mayar da duka biyun agogon Girinwic tukuna: 12:00 da 16:30, awa huɗu da rabi ke nan. A dawowa, ya bar Jidda 10:00 ya sauka Kano 12:30, a ido awa biyu da rabi, alhali tafiyar ita ce dai. Wata tsohuwa da ta dawo Umra ta taɓa rantse mini cewa jirgin dawowa ya fi gudu, wai ko doki ma in ya fuskanci gida ba a riƙe shi. Na buɗe baki zan yi bayani, Hajiya ta harare ni, na ce, "Haka ne, Iya, Allah ya karɓi ibada."

Har layin da kwanan wata ke canzawa a tsakiyar Fasifik sai da na koya, ko da yake ban taɓa sayar da tikitin da ya ƙetare shi ba. Labarin da ya sa ban manta shi ba na Samowa ne, wata ƙasar tsibirai a Fasifik. A ƙarshen 2011 ta yanke shawarar komawa ɗaya gefen layin, mutane suka kwanta ranar Alhamis 29 ga Disamba suka tashi Asabar 31. Juma'ar makon ba ta zo musu ba sam. Na yi ta dariya da na ji, ban san tawa Juma'ar tana tafe ba.

A wata na huɗu aka fara barina da abokan ciniki. Wani Alhaji mai sayar da yadi, wanda ya daɗe yana hulɗa da ofishin, zai je Guangzhou ya dawo. Na haɗa masa tafiya lafiya lau, haruffa daidai, suna daidai da fasfo. Jirgin dawowarsa zai tashi 00:45 ranar Juma'a. Da zai fita ya juyo ya ce, "Yaro, dawowar yaushe ce? Ni ba na iya karanta wannan ƙananan rubutun naku." Na duba na ce, "Juma'a da dare, Alhaji, ɗaya saura kwata." Ya ce madalla, har ya samu ya yi Juma'a a can.

Ranar Juma'ar, ƙarfe biyu na rana muna fitowa daga masallaci, wayar ofis ta hau ruri. Ƙarfe tara na dare ke nan a Sin, na yi lissafin a tsaye tun kafin in ɗauka, gabana ya faɗi. Alhaji yana filin jirgi da kayansa niƙi-niƙi, an gaya masa jirginsa ya tashi tun awa ashirin da suka wuce. 00:45 ta Juma'a, ai daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga tarar rashin zuwa, ga cikon kuɗin sabuwar kujera, ga ƙarin kwana a otal, ga bizarsa saura kwana biyu ta ƙare. Hajiya ta karɓi wayar ta ba shi haƙuri da bakinta, ta zauna sai da ta samo masa kujera a jirgin washegari. An cire wani abu daga alawus ɗina na wata biyu, ban ce uffan ba.

Bayan an rufe ofis ta kira ni. Na zaci kora ce. Sai ta ce, "Ka san abin da ya ba ni haushi? Da ka ce masa daren Juma'a, da bai makara ba." Gaskiyarta. A wajen dattijo irin Alhaji, dare ne ke riga yini, daren Juma'a shi ne wanda ake shiga bayan magaribar Alhamis. Amma ta ce ko wannan kada in dogara da shi, don yaran yanzu in ka ce musu daren Juma'a, wasu bayan an sauko masallaci suke nufi. Abin da za ka faɗa shi ne, "Ranar Alhamis, kana idar da Isha'i ka kama hanyar filin jirgi." Ka faɗa, ka rubuta da biro a saman takardar, ka sa mutum ya maimaita maka. Tun ranar ban sake karanta wa kowa lokacin tikiti yadda yake a rubuce ba, sai na juya shi zuwa ranar da zai bar masauki da sallar da ta fi kusa.

Wannan kuskure ne ya sa na fara kallon darasin da wani ido. Na lura yawancin tambayoyin da ake yi mana labarin ƙasa ne da ya sa riga ta gida. Mai zuwa Sin karon farko ya tambaye ni ina ne gabas a can, yana nufin alƙibla. Mu nan gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne a bakinmu, don Makka tana gabas da mu, da ɗan karkata arewa. A Guangzhou ko Delhi kuwa Makka tana yamma, wanda ya fuskanci mafitar rana ya juya wa Ka'aba baya. Wata uwa za ta raka ɗanta Johannasbag a watan Yuli, na ce ta sayi rigar sanyi, ta ce da damina? Na ce a kudancin duniya lokacin ne hunturunsu. Mai zuwa Landan a watan Yuni kuma sai ka gaya masa ƙarfe tara na dare za ta yi rana ba ta faɗi ba, kada ya ce agogonsa ya lalace.

Masu Umra su ne suka fi yawa a wajenmu, kuma tambayar farko da Hajiya ta koya mini in yi ita ce, Jidda za ka sauka ko Madina? Ba batun farashi kaɗai ba ne. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, galibi da haraminsa yake shiga jirgi ko ya sa a hanya, don jirgi zai daidaici miƙati tun yana sama. Wanda ya fara da Madina kuwa da kayansa na gida zai sauka, sai ranar da zai tafi Makka ya ɗaura harami a Zul Hulaifa. Tsakanin biranen biyu akwai fiye da kilomita 400, ko da yake jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 ya rage wahalar. Hukuncin dai na malamai ne, mu kan tura mutum ya tambaye su, amma in ba ka san inda garuruwan suke ba, ko tambayar ba za ka san ka yi ba.

Darasin ƙarshe shi ne yada zango. Daga Kano, yawancin duniya sai ka bi ta wani gari, Addis Ababa ko Alƙahira ko wani wuri, kuma tikiti mafi araha sau da yawa shi ne mai tarko. Birni ɗaya na iya samun filin jirgi biyu ko fiye. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, mashigin ruwa a tsakani. Landan tana da LHR da LGW da wasu. In tikiti ya sauke mutum a ɗaya ya ce ya tashi daga ɗayan, to sai ya shiga gari, shiga gari kuwa sai da biza. Mai fasfon Najeriya ma ko bai fita daga filin jirgi ba, a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, da kuma Ingila ana neman bizar wucewa a wajensa, sai in yana da wata takarda da ta ɗauke masa. Ingila kuma ba ta cikin Shengen, abin da nake maimaitawa kusan kowane mako. Hanyar sama ita ma ba a buɗe take kullum ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. A Agustan shekarar Nijar ta rufe nata, jiragen Turai masu zuwa Najeriya su ma suka canza hanya. Wanda bai san wace ƙasa ke tsakaninmu da Bahar Maliya ba, ba zai iya gaya wa fasinja dalilin ƙarin ba.

Da na cika wata shida, Hajiya ta sake miƙo mini farar takarda. Wannan karon ta ce in zana duniya gaba ɗaya, in raba ta uku, in sa filayen jirgi ashirin da bambancin agogonsu da Kano. Na yi cikin minti arba'in. Ta bi da jan biro, ta gyara mini Dubai da na tura ta kusa da Kuwait, ta ce Bahar Maliya ta dawo, alhamdu lillahi. Ta ninke takardar ta sa a durowa tare da mangwaron da na zana ranar farko, ashe ba ta yar ba.

Alhajin yadi bai daina zuwa ofishin ba, kuma har yau ni ke haɗa masa tafiya. Satin da ya wuce ma ya zo, Guangzhou dai. Na buga, na fitar da takarda, na ɗauki biro zan rubuta a sama, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Tsaya, yaro, bari in faɗa da kaina. Laraba, bayan Isha'i." Na duba tikitin, 00:30 ranar Alhamis. Na ce, "Haka ne, Alhaji." Ya ce, "To rubuta."